Wutar da Ta Rage a Kwamfutar 'Yar Baba

Ranar da abin ya fara, ba ta da wani bambanci da sauran ranaku. An kira magariba, Umma ta sauke tukunya, ta kwashe shanya daga igiya, ta shiga ɗakin 'yarta don ta rufe taga saboda sauro. Kwana uku ke nan ana tafka ruwa, gari ya ɗauki sanyi, ɗakin ya riga waje yin duhu. A cikin duhun nan ne ta hango wani jan abu a kan tebur, ɗan ƙarami kamar garwashi, ya tsaya cak ba ya ko ƙyaftawa.

Ta yi salati ta ja da baya. Sai da ta kunna fitila sannan ta gane maus ɗin kwamfuta ne, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, wutar ƙarƙashinsa ce ke ci. Kwamfutar kuwa a kashe take. Gilashin baƙi ƙirin, fanka ba ta juyawa, babu ƙara ko ta sauro. Umma ta kai hannu bayan akwatin, ta ji shi da ɗumi kamar ƙarƙashin kaza mai kwanci.

Mijinta gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Unguwa kaf Injiniya ake ce masa, in ma ba ka kira shi haka ba sai ya yi kamar da wani kake. Aiki kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Na'urar da masu gyara uku suka ce ta mutu, shi zai ɗora yatsa a kai ya ce ga ciwonta, kuma haka ɗin ne. Amma Allah ya zuba masa raini. Irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa, sai sun fara nuna maka ba ka san agogo ba. Jarirai biyu suka binne, shi da Umma, kafin Allah ya bar musu ta uku, yarinya ce yanzu mai shekara goma sha huɗu. Tun tana zanin goyo yake ce mata 'Yar Baba, har sunan ya bi ta makaranta. Shi ya haɗa mata kwamfutar da hannunsa saboda karatu, a satin nan kuma ya sauya mata madabod, wato babban faifan da ke cikin akwatin, wanda komai ke manne a jikinsa.

Da ya dawo daga masallaci Umma ta gaya masa abin da ta gani. Bai ko ɗago daga kwanon abinci ba.

"Sabon faifan ne," in ji shi. "Ko an kashe kwamfuta yakan bar 'yar wuta a ramukan USB, don mutum ya samu wurin cajin waya. Muddin filogi yana jikin soket, ba ta mutuwa ɗungurungum. Ke da ko rimot sai an nuna miki gabansa, me ya kai ki bincike?"

'Yar Baba ta ƙunshe dariya. Umma ta haɗiye abinta kamar yadda ta saba, ta ce, "Ni dai ba na son abu ya zuba wa yarinya ido tana barci. Ka kashe shi mana."

"In na samu sarari."

Wannan magana da ta fito daga bakinta, Umma ta yi nadamarta fiye da duk abin da ta taɓa faɗa a rayuwarta.

Bayan kwana biyu 'Yar Baba ta dawo daga makaranta da ciwon kai, ta kwanta, barci ya ɗauke ta har rana ta faɗi. Umma ba ta yarda da barcin magariba, don haka ta shiga ta tashe ta. Ta dafa kafaɗarta ke nan sai bakin yarinyar ya buɗe, idanunta a rufe, wata murya ta fito wadda ba tata ba. Muryar babbar mace ce, a gajiye, irin ta wadda ta sha wuya ba ta warke ba.

"Baiwar Allah, kada ki ji tsoro. Ki yi mini rai."

Umma ta saki kafaɗar yarinyar. Ta zauna daɓas a bakin gado.

"Haihuwa na yi, kuma bakwaini ne. Sanyin nan zai kashe mini shi. Na zagaye gidan nan kaf, murhunku yana da zafi da yawa, in ya huce kuma ya huce ke nan. Babu inda na samu ɗumi daidai, wanda ba ya ƙuna ba ya yankewa, sai cikin akwatin nan. Kwana bakwai nake roƙo. Ku bar mana wutar. In ya yi ƙwari za mu tafi, ko tsinke ba za mu taɓa muku ba."

Yarinyar ta yi ajiyar zuciya, ta buɗe ido, ta ce, "Umma, an yi salla ne?" Ba ta san komai ba.

Tsoro ya kama Umma, tsoro sosai. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai tausayi, domin ita ta san mene ne riƙe ɗan da bai fi tafin hannu biyu ba, kana hura masa numfashi a ƙafa don ya ji ɗumi. Ta je ta samu mijinta a tsakar gida yana goge wani faifai da ɗan burushi. Ta durƙusa ta kwashe komai ta faɗa masa, ta ce ta janye maganarta, don Allah ya bar wutar nan yadda take.

Injiniya ya yi dariya har da tari. "Shekaranjiya a kashe, yau a bari. To, aljanar taki da wace waya take caji?"

"Maigida, ba wasa nake ba. Kwana bakwai ne kawai. Me zai rage mu da shi?"

"Zai rage ni da zama a gidan da ake mai da kwamfuta ɗakin mai jego. Yarinya ta yi magagin zazzaɓi, ke kuma kin ɗauka kin ɗora a ka."

Bai tsaya nan ba. Washegari da yamma Umma tana wanke-wanke ta jiyo shi a ƙofar gida yana ba abokansa labari, yana maƙale murya yana kwaikwayonta, su kuma suna ta sheƙa dariya. Ta ci gaba da cuɗa kwano ɗaya har ya fara ƙara a hannunta. A magaribar ranar muryar ta sake zuwa, ta ce ta ji abin da ake faɗa a waje, tana roƙo dai. Kashegari ma ta zo. A wannan karon Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa, da kunnensa ya ji. Umma ta ga yadda fuskarsa ta sauya na ɗan lokaci, ta ce a ranta shi ke nan, gani ya kori ji. Ina! Girman kai ba ya barin mai shi ya juya a gaban mace. Ya daka wa yarinyar tsawa ta farka a firgice, ya ce gobe zai kawo ƙarshen wannan shirme.

A rana ta huɗu cikin bakwai ɗin, ana gab da kiran magariba, ya shigo gida ko takalmi bai cire ba ya nufi ɗakin. Umma ta sha gabansa. Ta haɗa shi da Allah, ta haɗa shi da darajar iyayensa, ta ce saura kwana uku. Ya ɗauke hannunta daga rigarsa kamar mai cire ƙaya, ya fito da 'Yar Baba, ya shiga ya danna sakata.

Umma ta jingina da ƙofar tana saurare. Shekara goma sha tara tana auren mai gyara, ta san aikin da kunne ko ba ta san shi da ido ba. Ta ji ya kunna kwamfutar, fanka ta tashi. Ta ji ƙwas-ƙwas ɗin kibod, allon maɓallan rubutu, yana shiga saitin ciki, inda ake hana faifan barin wuta a ramukan. Ta ji ya kashe. Ta ji ya fizge filogi daga bango. Da a nan ya tsaya, wataƙila da labarin ya zo da sauƙi, domin akwatin yakan jima bai huce ba. Amma Injiniya yana da al'ada a aikinsa, wadda yake alfahari da ita, yana zagin masu gyaran da ba sa yi. In ya cire filogi, sai ya ɗora yatsa a kan maɓallin kunnawa ya danne ya riƙe, har sai ragowar wutar da ta maƙale a cikin faifan ta tsiyaye tas, ba ta bar ko ɗigo ba.

Umma ta ji ƙarar dannawar. Sannan ta ji wani siririn kuka, ƙasa-ƙasa, kamar na ɗan kyanwar da aka haifa yau. Kukan ya ɗan ja, ya sarƙe, ya sake tasowa da ƙyar. Daga nan ba ta ƙara jin komai ba.

Ya jima kafin ya buɗe ƙofa. Da ya fito bai dube ta ba. Ya ce, "An gama. Ina aljanun naki?" Ranar loma uku ya yi ya ture kwanon.

Kwana ɗaya cur gidan ya yi tsit, irin shirun da ko ƙadangare ba ya motsi a bango. A magariba ta biyu dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Injiniya ya fita da tocila yana zagin 'ya'yan maƙwabta, bai ga kowa ba. Yana dawowa na biyu ya sauka a gabansa, a tsakiyar tsakar gida, daga sama tsaye ba daga gefe ba. Umma ta sunkuya ta taɓa shi ta janye hannu da sauri. Dutsen sanyi ƙalau kamar an ciro shi daga firji. Daga ranar, kullum rana ta faɗi sai jifa, ba yawa, bakwai ko takwas, a tsanake, kamar mai jifan ba ta gaggawa. In jifan ya tsaya sai a ji mace tana rarrashi a ɗakin yarinyar, tana 'yar waƙar da ba a gane kalmominta, tana yi tana shessheƙa.

Sai kuma abin ya koma kan 'Yar Baba. Ta daina cin abinci. Jikinta ya yi sanyi, bargo uku ba ya ɗumama ta. Takan zauna a lungun da ke tsakanin tebur da bango, ta naɗe hannuwa a ƙirji kamar mai riƙe da jariri, tana jijjigawa daga safe har yamma. In Umma ta kira ta, sai ta ɗago ta dube ta da idon baƙuwa. Injiniya ya kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoto, likita ya ce bai ga komai ba, a ba ta abinci mai gina jiki. Cikin kwana goma yarinyar da ke cika kujera ta koma ana ƙirga haƙarƙarinta ta saman riga.

Wata yamma Umma ta leƙa ta tarar da shi a durƙushe a gaban teburin. Ya mai da filogi, ya gyara saitin, jar wutar ta dawo ƙarƙashin maus tana ci kamar da. Ya waiga yana duban lungun, kamar yaron da ya fasa tulu ya dawo da kasko. Bakin 'Yar Baba ya buɗe, muryar nan ta yi wata dariya marar daɗi.

"Yanzu?" ta ce.

Umma ba ta nemi izinin kowa ba. Da gari ya waye ta yafa mayafi ta tafi bayan kasuwa, gidan wani tsohon malami da aka ce ya san kan irin wannan lalura. Ɗan siriri ne, mai ƙaramar murya, ba ya ɗaga ido in yana magana. Ya saurare ta har ta gama, ya tambaye ta abu ɗaya: "An roƙe ku kafin a taɓa ku?" Ta ce an roƙa. Sai ya ce zai zo bayan la'asar, amma lalle maigidan ya kasance yana nan.

Ya zo da buta da ɗan ƙaramin Alƙur'ani, ba wani tarkace. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ɗakin, aka kwantar da yarinyar, Umma ta riƙe kanta a cinya. Injiniya ya tsaya a jikin ƙofa, ya harɗe hannuwa. Malam ya zauna wajen ƙafafunta ya fara karatu a hankali, ba tsawa ba hayaniya. Rana tana sauka, hasken taga yana ja da baya daga kan tabarma kaɗan-kaɗan. Sai da inuwa ta rufe fuskar yarinyar sannan jikinta ya sandare, idanunta suka buɗe.

"Ya isa, tsoho. Ina jinka."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Uwa ce. Ko in ce da uwa ce."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Nawa ɗan me ya yi musu?"

Malam ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri. Amma ba a kama wani da laifin wani, kin sani. Mutum ba ya ganinku. Abin da ya faru kuskure ne."

"Kuskure?" Kan yarinyar ya juya a cinyar Umma har idanun suka sauka a kan mai tsaye a ƙofa. "Tambaye shi. Sau uku na roƙa, na ukun a kunnensa."

Malam ya waiwaya. Injiniya ya gyara tsayuwa ya ce shi bai ji komai ba sai magagin yarinya. Ya ƙara da cewa in ma laifi ne, ai ga wadda ta fara cewa a kashe, ya nuna Umma da haɓa. Umma ta ji maganar kamar an watsa mata ruwan zafi, amma ba ta saki kan 'yarta ba.

"Ita ta faɗa da rashin sani, ta dawo ta durƙusa maka," in ji muryar. "Kai kuwa, da ka ɗora yatsa a kan maɓallin, ɗana ya yi kuka. Ka ji. Ka ɗaga yatsan. Ka sunkuya ka kara kunnenka a jikin akwatin, har numfashinka yana taɓa ni. Na ce maka, don Allah. Sai ka dubi ƙofa, ka tuna matarka tana bayanta, za ta ce ta fi ka gaskiya. Ka mai da yatsan ka danne. Ƙarya na yi?"

Gumi ya tsattsafo a goshin Injiniya duk da sanyin ɗakin. Umma ta dube shi tana jira ya musa, wallahi so take ya musa, bai musa ba.

Malam ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, muryarsa ta ƙara yin ƙasa. "An zalunce ki. Na yarda. Amma rai ba naki ba ne da za ki ɗauka. Faɗi abin da zai sa ki fita ki bar ta lafiya."

"Da niyyar rai na shigo. Amma matar nan ta ji tausayina lokacin da ba wanda ya ji, ba zan sa ta binne na uku ba. Abu ɗaya nake so. Yatsan da ya danna. Ba yankewa za a yi ba, ko jini ba zai fita ba. Ya ɗora shi a tafin hannun 'yarsa, ya ce ya ba ni. Zai yi sanyi, ba zai ƙara motsi ba har ya mutu. Ni kuma in fita ta inda ka ce, in bar masa 'yarsa yadda na same ta." Muryar ta ƙara da cewa, "Kuma ya sani, 'yarsa tana nan tana jinmu. Ban toshe mata kunne ba."

Umma ta miƙa hannunta tun kafin a rufe baki. "Ga nawa. Ɗauki duka biyar ɗin, ɗauki hannun."

"Naki bai danna komai ba, baiwar Allah."

Malam ya ce, "Ni ba zan ce ka bayar ba, ba zan ce ka hana ba. Amma ka ji gaskiya. In ka ƙi, sai dai in fitar da ita da ƙarfi. Wanda aka zalunta ba ya fita da sauƙi, kuma jikin da za a yi kokawar a cikinsa, ka ga yadda ya koma."

Injiniya ya dubi hannunsa na dama. Ya dubi manuniyar, yatsan da yake bin layukan faifai da shi, wanda yake jin zafin na'ura da shi tun kafin awo ya nuna. Umma tana kallonsa. Taku uku ne tsakaninsa da tabarmar.

Ya ce zai yanka rago. Ya ce zai haɗa sabuwar kwamfuta, ya ware mata ɗaki, wuta ba za ta ƙara yankewa ba dare da rana. Muryar ta ce, "In kwantar da wa a ciki?" Sai ya ɗago hannun hagu, ya ware ɗan ƙaramin yatsa, ya ce ko wannan zai yi.

Kai, jama'a! Ciniki yake, a kan 'yarsa, tana kwance tana ji. Umma ta ce, "Maigida," sau ɗaya, da wata murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

"Ke ba ki san komai ba!" ya daka mata tsawa. "Da wannan yatsan nake ci da ku. In ya mutu, uban wa zai riƙe gidan? Kuma wa ya ce in na bayar za ta cika alkawari?" Ya tura hannun dama cikin aljihu, ya juya ga tsohon. "Malam, ka ƙona ta kawai. Ai aikinka ke nan."

Hawaye suka gangaro daga idanun yarinyar, suka jiƙa zanin Umma. Fuskar ba ta motsa ba, muryar ba ta yi kuka ba. Umma ta san hawayen nan ba na aljana ba ne.

Malam ya gyara zama. Ya kama ƙaramin yatsan ƙafar yarinyar na hagu, ya ɗaga murya a karon farko. Abin da ya biyo baya, Umma ba ta taɓa iya ba da labarinsa a jere ba. Jikin da ba ya iya ɗaga kofi ya riƙa ɗaga ta sama yana maka ta da ƙasa. Duwatsu suka riƙa zuba a kan rufi kamar ƙanƙara. Muryar tana ihu tana cewa tana ƙonewa, tana kiran ɗanta, yarinyar ta cije harshe har jini ya ɓata mata haɓa. Aka kira magariba a masallacin unguwa, ba wanda ya tashi. Malam yana karatu gumi yana ɗiga daga gemunsa, yana cewa, "Fita ta nan, ta ƙafa, ki ji tsoron Allah."

Can muryar ta dusashe. "Zan fita. Na rantse ba zan dawo ba." Ta numfasa da ƙyar. "Baiwar Allah, ki yafe mini. Na so in bar miki ita cikakkiya. Abin da na nema kaɗan ne, amma kun kumbura ni da ƙuna, ƙaramar ƙofa ba za ta ɗauke ni ba."

"Ta ƙafa!" in ji Malam.

Amma hannun yarinyar na dama ne ya tashi sama, ya miƙe, yatsun suka baje suna rawa. Wata iska mai sanyi ta wuce ta gefen fuskar Umma ta fita ta taga. Hannun ya faɗo a kan tabarma kamar tsumma. Jifan ya tsaya.

A hankali ɗumi ya fara dawowa wuyan yarinyar, Umma tana jinsa a cinyarta. Ya sauko ƙirji, ya bi kafaɗa, ya gangara damtse. Umma tana bin sa da tafin hannu tana hamdala, har ta iso wuyan hannun dama. A nan ɗumin ya tsaya. Daga nan zuwa ƙarshen yatsu sanyi ne ƙalau. Malam ya ɗaga hannun, ya matsa, ya tofa addu'a, ya saki. Ya sake faɗuwa. Tsohon ya girgiza kai, ya ɗauki butarsa ya fita tsakar gida, bai ko kalli maigidan ba.

'Yar Baba ta buɗe ido, nata idon na gaskiya. Ta ce, "Umma." Ta yunƙura za ta dafa ta tashi, hannun ya lanƙwashe a ƙarƙashinta. Ta ɗago shi da na hagu, ta riƙe a gaban fuskarta, ta jima tana kallon yatsun nan biyar da suka rataye. Ba ta tambayi abin da ya faru ba.

Injiniya ya matso, ya durƙusa a bakin tabarma. "'Yar Baba, sannu. Kin ga ta tafi. Gobe zan kai ki babban asibiti, akwai likitocin jijiya, za a gyara, babu abin da ba a gyarawa..."

Yarinyar ta ɗago ta dube shi. Babu fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Da harshen da ta cije, a hankali, ta ce:

"Baba, yatsa ɗaya fa ta ce."

Umma ta jawo bargo ta lulluɓe hannun 'yarta, ta rungume shi a ƙirji tana hura masa numfashi, ko da yake ta san ba zai yi ɗumi ba.